Shaidar da Na Yi wa Mijina ta Bayan Zana

Mijina bai yi ƙarya ba, kuma bai haukace ba. Da wannan nake so ki fara, ɗiyata, kafin ki rubuta komai. In hawaye ya zo mini ki bar ni da shi, kada ki ajiye alƙalami ki ce in yi haƙuri. Haƙurin na yi shi shekara da shekaru, kukan ne bai ƙare ba.

Ni Bagobira ce. Aure ya kawo ni Yamai ina da ƙuruciya, ban shiga lakwal ta boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Mijina ya riga ni zuwa birni, ya biyo wansa, wanda ke da rumfar kayan miya a Ƙaramar Kasuwa. Yaya muke ce wa wan nan nasa, ni da shi duka. Tsakanina da Yaya akwai kunya irin ta mutanen da. In ya shigo gida na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa, na koma ɗaki. Ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Mun kama haya a wajen Saga, ɗaki biyu da zana kewaye, ana hango gonakin shinkafa daga ƙofa. Maƙwabciyata Bazabarma ce, haifaffiyar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce, amma bakinta ya fi na kowa kaifi. Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, don haka ranar da na sauka ta leƙo ta kan zana ta ce Allah ya kawo mata baiwa har gida. Na ce mata baiwar ta zo ta koya wa uwargijiyarta tuwo. Daga ranar ba mu rabu ba.

A farin farko, da ruwan sama ya ƙi sauka, wanda soja suka karɓi mulki a cikinsa, aikin dako da mijina ke yi ya mutu a kasuwa. Mijina ya ji Nasara masu neman mai suna ɗaukar lebura zuwa hamadar gabas, ya bi su. Da ya dawo na tambaye shi ko sun haƙa rijiya, ya ce su ba masu haƙa ba ne, masu sauraro ne. Ana shimfiɗa waya mai tsawo a kan rairayi, a kafa mata wasu ƙananan ƙarafa masu tsini, girman albasa. Kunnuwa yake ce musu. Sai a daki ƙasa da ƙarfi. Ƙarar ta nutsa, ta ci karo da dutse, ta dawo, kunnuwan su ji, injin da ke cikin kamiyo, babbar motarsu, ya zana abin da suka ji a takarda. Shi ya ƙware wajen gyaran waya in ta tsinke. Saboda hannunsa ne babban Nasaran ya tafi da shi teku lokacin da aikin hamada ya ƙare.

Mutumin da bai iya iyo ba, ko kwalekwale ba ya son shiga, shi ne ya zama ɗan jirgin ruwa. Yakan yi watanni ba mu gan shi ba, ya dawo fatarsa ta yi laushi, yana tafiya yana buɗa ƙafa kamar ƙasa na motsi.

A wata dawowa ne ya ba ni labarin da ya zama ajalinsa. Ina da tano, wato duron ƙarfe, a ƙuryar ɗaki, nan nake zuba hatsi. Ba na buɗe shi gaban yara, don kada su ga ya yi ƙasa hankalinsu ya tashi. Sai dai in bi jikinsa da gaɓar yatsa ina ƙwanƙwasawa daga sama zuwa ƙasa. Inda babu komai yana amsawa da ƙara kamar ganga, inda hatsi ya fara muryar sai ta mutu. Ya gan ni ina yi, ya fashe da dariya.

"Ashe abokiyar aikina na aura ban sani ba," ya ce.

"Wane aiki, Malam? Ni auna talaucina nake yi."

"Mu ma haka muke yi, tanonmu ne ya fi naki girma."

Ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani. Jirgi yana jan wata waya mai kauri a bayansa, tsawonta ya wuce inda ido ke kaiwa, cike take da kunnuwa. Akwai bindiga ta iska da ake harbawa cikin ruwa, ba harsashi, ƙara kawai. Ƙarar tana sauka cikin ruwa mai zurfin da ba mai nutso da zai kai, ta shiga laka, lakar da ta kwanta bisa wata lakar tun kafin kakanninmu, sannan ta dawo. Takarda tana fitowa da layuka kwance, kamar zanen saƙi. Amma akwai layi ɗaya da ba ya bin ƴan uwansa. Shi siffar ƙasan teku yake bi, in ƙasan ta yi tudu ya yi tudu, in ta yi kwari ya yi kwari, kamar inuwa, yana ratsa sauran layukan ba ruwansa. Duk ranar da layin nan ya fito sai Nasara su taru a kan takarda suna nuni da yatsa.

Ya tambayi ɗayansu, aka gaya masa. A can ƙasa, sanyi da nauyin ruwa suna kama gas, irin wanda masu hali ke girki da shi, su daskarar da shi tare da ruwa cikin laka ya zama ƙanƙara. In aka ƙara nutsawa zafin ƙasa yana hana shi daskarewa. To iyakar nan, inda mai tauri ya ƙare mai laushi ya fara, ita ke maido da ƙara, ita ce layin.

"Kamar inda hatsinki ya tsaya," ya ce.

Wata rana kuma suka saki wani dogon bututu cikin lakar suka jawo shi. Da aka tsaga sai ga fararen gutsattsari suna tsuwa kamar an jefa albasa a mai. An ɗora masa ɗaya a tafin hannu, sanyin ya cije shi. Wani ya ƙyasta ashana ya kai wa wani gutsuren, ya kama da wuta, ruwa na ɗiga daga ƙasansa.

Na dube shi. Na ce, "Da idonka ka gani?"

"Da hannun nan na riƙe."

Shi ke nan, na yarda. Ba don na gane duka ba. Na san mutumin ne. Mijina shi ne wanda zai ce miyarki ba gishiri ga baƙi zaune, ba don wulaƙanci ba, don an tambaye shi. Na sha jin haushin wannan halin nasa. Wanda bai iya ƙaryar gishiri ba, ina zai iya ta teku?

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni. Aikin jirgi ya tsaya, aka sallame su, aka ce za a kira su, ba a kira ba. Mutanen ƙauye suka cika bakin gari da bukkokin kwali. Muna bin layin jar dawa ta taimako, wadda ko an surfa ta an wanke tuwonta sai ya fito kamar bulo. Icce ya yi tsada har mata suna dambe a kan kashin shanu. Kogi ya yi ta ja da baya, ya yi ta ja, har ranar da muka ga mutane suna ƙetare shi da ƙafa, jakai na bin su. Tsofaffin Saga suka ce ko a bakin kakanninsu ba su ji haka ba.

Mijina ba shi da wurin zuwa sai gaban rumfar Yaya, inda teloli da direbobi marasa aiki ke zaman hira. Wata rana ana kukan tsadar icce, shi da bakinsa da ba ya ɓoye komai ya ce akwai wuta kwance a ƙasan teku, cikin ƙanƙara. Ina wurin, na kawo masa fura, ina durƙushe gefe ina jiran ƙwaryata.

Wani direba mai ƙaton ciki, wanda fari bai rage masa komai ba, ya ce, "Maimaita, ɗan jirgi. Ƙanƙara ta yi me?"

"Ta ci wuta."

"To ka kawo mana buhu ɗaya mana. Mu dafa jar dawa da ita, in ta narke mu sha ruwan. Ka ga ka kashe fari kai kaɗai."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a tekun nan kifi ma yana shan taba. Wani ya tambaya ko da ƙanƙarar Nasara ke kunna sigari. Mijina ya ce ba gani aka fara yi ba, ji aka yi, da kunnuwa, tun daga saman ruwa. Wannan ya ƙara musu abin dariya. Direban ya kama kunnensa ya kara a ƙasa ya ce yana jin matarsa tana zaginsa daga gida. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsohon tela mai ƙaramin gemu, ya ci gaba da taka kekensa yana cewa Allah mai iko. Yaya kuwa ya sunkuyar da kai yana jera tattasai.

Daga ranar sunansa ya koma Mai Ƙanƙara. Da farko yana taya su dariya. Daga baya abin ya fara cin sa. Namiji ba aiki, ba abin kawowa gida, abu ɗaya da ya rage masa shi ne in ya faɗi magana a ce haka ne, shi ma aka ƙwace.

Wata safiya ya ce in ba shi taɓaryata da babbar ƙwaryata.

"Malam, daka za ka taya ni?"

"Zan nuna musu yadda ƙasa ke amsawa. Ƙanƙara ba ni da ita, amma ji kowa yana da kunne."

Na ba shi. Da na san abin da zai biyo baya ma ina jin da na ba shi, don ban ga laifin abin ba, har yau ban gani ba. Ya tafi cikin busasshen kogi ƙasa da Saga tare da ƴan rumfar da suka biyo shi don nishaɗi. Ni da maƙwabciyata muka tsaya a gaɓa. Ya kife ƙwarya a ƙasa, ya sa mutum ya durƙusa ya kara kunne a bayanta. Shi ya ja nesa ya daki ƙasa da taɓarya, nan a kan rairayi, can a kan busasshiyar laka, can a kan dutse, don mai sauraro ya ji bambanci.

Maƙwabciyata ce ta fara kama hannuna. Ta ce, "Ke baiwata, je ki ce wa mijinki ya birkice ƙwaryar nan."

Ban gane ba sai da ta faɗa. A garin nan kifaffiyar ƙwarya masu kiran iskoki ke kaɗawa. Ga namiji riƙe da taɓarya yana daka ba turmi, a tsakiyar kogin da ya ƙi gudu, ga maza suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya goshi kusa da ƙasa, ba gabas suke kallo ba. Wanda ya hango daga nesa me zai ce? Kafin in sauka gaɓa mutane sun fara taruwa. Wasu suka ce iskokin ruwa yake kira. Wasu suka ce shi ya ɗaure kogin tun farko. Ƴan gudun fari suka ji an ce wani yana nemo abin da ke ɓoye a ƙasa, suka zo da kwanoni da buhuna. A zamanin nan taro ba izini laifi ne. Motar jandarma ta zo, aka watsa mutane da bulala, aka jefa mijina a bayan motar. Taɓaryata na tsinta a rairayi, ƙwaryar an taka ta.

Kafin la'asar magana ta canza kama a gari. Wai Mai Ƙanƙara ya ce akwai dukiya a ƙarƙashin ƙasa, soja sun sani, sun ɓoye wa talakawa.

Kwanaki yana tsare. Kullum ina zuwa da fura in zauna bakin ƙofa cikin rana, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a kore ni. Suna tambayarsa wa ya aiko shi. Shi kuma yana ba su labarin jirgi da kunnuwa da ƙanƙara mai cin wuta, tun daga farko, don ita ce gaskiyar da yake da ita. Suka ɗauka raina musu hankali yake yi. Abin da suka yi masa bai taɓa gaya mini ba, ni na wanke rigar.

Yaya ne ya fito da shi. Ya sa babbar rigarsa ya je gun babban jandarma ya ce ƙanensa ba shi da lafiya, teku ta juya masa kai, duk kasuwa shaida ce. Aka kira direban nan da wasu, suka ce ƙwarai, mutumin da ke cewa ƙanƙara na cin wuta ai ba sai an tambaya ba. Aka yi dariya, aka sake shi.

Ki rubuta wannan da kyau, don ba na son a ce na zalunci Yaya yana kabari. Yaya ya ceci ƙanensa. Ba don maganar nan tasa ba da wataƙila ko gawa ba mu gani ba. Amma da mijina ya ji da abin da aka fanshe shi, sai ya ce, "Yaya ya biya su da hankalina."

Bai sake taka kasuwa ba. Ya fito da tari da ciwon ƙirji, muka je likita aka ba shi ƙwayoyi, ba su yi ba. Damina ta sauka, kogi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba, shi yana kwance a tabarma ƙarƙashin itacen bedi yana ramewa. Bai ƙara ambaton teku ba. Wata azahar na shiga ɗaki na ƙwanƙwasa tano a hankali, ina tsammani barci yake. Sai na ji muryarsa daga waje.

"Ya kusa ƙasa, ko?"

"Da saura, Malam."

"Ke kin iya ƙarya, ni ne ban iya ba."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai kai lokacin kaka ba. Tsaya kaɗan, ɗiyata. To, ci gaba.

Ranar da ya rasu an yi ƙus-ƙus a ƙofar gida. Wasu suka ce ba za su sallaci wanda ya kira iskoki ba. Yaya ya ja liman gefe ya ce masa ai mahaukaci an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi. Da haka aka yi sahu, aka kai shi. Ni ina ɗaki cikin takaba, labari kawai ake kawo mini.

Da safiyar sadakar uku Yaya ya zo bakin zana. Bai shigo ba, ya juya baya kamar yadda ya saba, ya yi magana da maƙwabciyata don ta isar mini, ko da yake ina jin komai. Ya ce in an taru zai roƙi jama'a su yafe wa ƙanensa maganganun da ya yi, a shaida ba cikin hankalinsa ya yi su ba. Ya ce a gaya wa uwar yara ta yi shiru, kowane taro akwai kunnen gwamnati a ciki. Ya ce hatsinmu yana wuyansa muddin yana da rai.

Maƙwabciyata ta shigo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Kin ji. Tanonki ya kusa ƙasa, ni ma na iya ƙwanƙwasawa."

Tun ina yarinya nake ji ana cewa abin da jama'a suka faɗa a kan mamaci shi mala'iku ke ɗauka, shaidar duniya ita ce ta lahira. An riga an sayar da hankalinsa sau biyu, sau ɗaya don a buɗe masa ƙofa, sau ɗaya don a yi masa salla. Waɗancan yana da bukata. Yanzu yana cikin ƙasa, ba jandarman da zai kai gare shi, kuma za a tara mutane a rufe shi da wannan suna har abada, a ce amin a kai. Ni kaɗai ya rage wadda ta san ba haka ba ne.

Maza suka taru a kan tabarmi a waje. A cikin gida mata suna dakan gumbar sadaka, rabi hatsi rabi jar dawa. Aka yi fatiha. Sai na ji Yaya ya gyara murya. Ya ce jama'a sun san ƙanensa mutumin kirki ne kafin ya tafi teku. Ya ce abin da ya same shi jarrabawa ce, duk wanda ya ji wata magana daga bakinsa ya ɗauke ta maganar marar lafiya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na je na tsaya jikin zana. Tsakanina da bayan Yaya bai fi kamu ɗaya ba. Na ce, "Ba haka ba ne."

Taɓare suka tsaya.

"Wa ke magana?" in ji Yaya.

"Matar ƙanenka ce, Yaya."

Shekarun da na yi a gidan nan bai taɓa jin na faɗi abin da ya wuce gaisuwa ba, shi ya sa bai gane muryar ba. Liman ya ce, "Baiwar Allah, mai takaba ba ta ɗaga murya."

Na ce, "Gafarta Malam, ban fito ba, ga ni cikin gida. Shaida ake bayarwa, ni ma ina da tawa. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta wasa. Har ranar da ya cika yana sane da lokacin salla, yana kiran ƴaƴansa da sunansu. Ba iska ya kira a kogi ba, aikinsa ya nuna muku, aikin da ya ciyar da mu, wasunku ma sun ci. Kowace mace a gidan nan tana bugun tano ta san inda hatsi ya tsaya ba ta buɗe ba. In wannan tsafi ne, to duk tuwon da kuka ci a farin nan na tsafi ne. Ya ce ya riƙe ƙanƙara mai cin wuta a hannunsa. Ni ban gani ba. Amma ya ce ya riƙe, to ya riƙe. Wanda zai yafe masa wani abu ya yafe, kowa ɗan Adam ne. Hauka dai kada a ɗora masa, ban yarda ba, ban kuma yafe wa wanda ya ce amin a kai ba."

Na kama zana. Wani daga baya ya ce abin ya taɓa matar ma. Yaya ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Yaya."

Sai maƙwabciyata ta ɗaga taɓarya, taɓaryata ce ma, wadda na tsinto a kogi, ta sauke ta cikin turmi da dukan ƙarfinta. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, yadda na waje za su ji, "Baiwata ta gama magana. Ku daka, mata, baƙi na jiran gumba." Sauran suka bi ta. Turmin yana jikin zana, dakan yana bin ƙasa har ƙarƙashin tabarmin maza.

Ta ramin zana na ga tsohon telan nan ya ɗora tafin hannunsa a ƙasa, ya bar shi nan. Ya ce, "Ni dai ƙanƙarar ban gani ba, kuma ba na jin zan gani. Mutumin na sani. Ban taɓa jin ya ƙara wa magana gishiri ba. Wannan ita ce tawa shaidar."

Ba wanda ya bi bayansa. Direban ya dubi takalmansa. Sai liman ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya ji ƙan bawansa, Shi da ya san abin da ke ƙasan teku da abin da ke cikin zukata. Na kasa kunne har ƙarshen addu'ar. Bai ambaci hauka ba, bai ambaci rashin hankali ba. Aka shafa. Yaya ya tashi ya sa takalmi tun ba a raba gumba ba.

Bai sake zuwa gidanmu ba, hatsin da ya yi alkawari ko tiya ɗaya ba mu gani ba. Ban aika roƙo ba. Na kwana biyu da ɗaurin kayana a gefe ina jiran jandarma, ba su zo ba, wataƙila maganar mace ta bayan zana ba ta kai a rubuta ba. Kafin in fita takaba maƙwabciyata ce ke raba tukunyarta biyu, tana miƙo mini ta kan zana tana cewa ba ta son baiwarta ta mutu ta bar ta da aiki. Da na fita na shiga dashen shinkafa a Saga, ruwa har gwiwa, da yamma in kai kopto, dafaffen ganye, Ƙaramar Kasuwa in zauna nesa da rumfar Yaya. A kasuwa sunana matar Mai Ƙanƙara. In an kira ni da shi ina amsawa da ƙarfi. Kun sha yunwa saboda bakina, ke da ƙannenki, na sani. Da za a maido ranar da na sake faɗa.

Da Yaya ya kwanta ciwon ajali na je gaishe shi. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar da. Ya ce, "Uwar yara, ni fa rai na so in ceta." Na ce na sani, Allah ya saka masa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi ba.

Yanzu ina nan unguwar Bobiyel a gidanki, idona ya yi rauni. Kin tuna ranar da kika dawo daga aiki kina haki, kika kara mini wayar salula a fuska. Na ga wani farin abu a hannun mutum, harshen wuta a kansa, ruwa na ɗiga. Kika ce masu bincike suna nemansa a ƙasan teku da ƙara da kunnuwa, kamar yadda babanku ya faɗa, kika fashe da kuka. Ni ma na yi, amma ba na murna ba. Wa zan kai wa? Direban ya mutu, Yaya ya mutu, liman da tela sun mutu, maƙwabciyata ma ta tafi ta bar ni ba mai zagina. Kada ki rubuta cewa ranar nan na tabbata. Na tabbata tun yana zaune a kan turmina yana nuna mini tafin hannunsa.

Abin da na samo masa kaɗan ne, addu'a ɗaya da ba a ce masa mahaukaci a cikinta ba, da shaidar tela ɗaya. Da shi aka rufe zamansa na duniya, kuma ni na tsaya aka yi. Ina kewarsa har yau, in na ji ana daka a maƙwabta sai in ajiye abin da ke hannuna.

Koma sama ki karanta mini layin farko, in ji ko kin rubuta shi yadda na faɗa.